Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, masu girma ciyamomi da mataimakanku, shugabannin majalisa, da kansilolin mazaɓu 287 na wannan jiha. Muna gaishe ku, Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne kuɗin ƙaramar hukuma, yadda zuwansa ba shi da tabbas, da yadda sau da yawa ake kashe shi ba tare da majalisa ta duba ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. A watan Oktoban 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jigawa da Kano, mutanen karkara suka ɗauka magana ta ƙare. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulki, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, yana nan yadda yake, kuma an yi ta ja-in-ja a faɗin ƙasa kan yadda za a aiwatar da hukuncin. Ana cikin haka, a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, aikin lafiya da na abinci mai gina jiki a Arewa ya ji a jikinsa. Ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ga mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, alhali albashin malaman firamare daga kasonku ake cire shi.

Duk waɗannan ba a hannunku suke ba, kuma ba za mu ɓata muku lokaci a kansu ba. Abin da ke hannunku shi ne nairar da ta riga ta sauka a asusu: wa ya san adadinta, wa ya amince a kashe ta, wa ya je ya ga abin da ta yi. A ganinmu, a shekarun da kuɗi ke rawa, babban aikin raya tattalin arziki da ƙaramar hukuma za ta yi shi ne ta hana abin da take da shi mutuwa, wato famfo, kwalbati, rumfar kasuwa, jinga da firjin rigakafi, kuma majalisar kansiloli ta zauna ta yi aikin sa ido da aka zaɓe ta dominsa.

Mu fara da kasafi. Kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yana zama kowane wata. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Adadin yana hawa yana sauka gwargwadon farashin ɗanyen mai, yawan gangar da aka haƙo, da canjin dala. Tun 2023 lambar ta kumbura saboda faɗuwar darajar naira, amma siminti, dizal, rodi da kwanon rufi sun kumbura tare da ita. Kuskuren da ake maimaitawa shi ne a ɗauki watan da kaso ya fi kauri a ninka shi sau goma sha biyu a kira shi kasafin shekara. Manomi mai hankali da shekarar fari yake auna rumbunsa. Ku sa ma'aji ya kawo abin da ya shiga asusu a zahiri cikin watanni goma sha biyu da suka wuce, bayan an gama cire-cire, ku zaɓi watanni uku mafi ƙanƙanta, ku fitar da matsakaicinsu. A kan wannan adadin za a ɗora abin da ba ya jira: albashi, fansho, kuɗin gyara, man baburan ma'aikatan da ke shiga ƙauye. Duk abin da ya haura wannan a wani wata, sai ya tafi ga jerin ayyukan da majalisa ta riga ta jera tun farkon shekara, na ɗaya kafin na biyu, kuma kowanne ya zama wanda rarar wata ɗaya ko biyu za ta kammala shi.

Dalilin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya zagaya ƙauyuka. Idan aka ba da kwangila goma a lokaci guda don kowace mazaɓa ta ga an taɓa ta, kowane ɗan kwangila zai karɓi kafin alƙalami, ya haƙa harsashi, ya jera bulo zuwa taga, kuɗi ya yanke. Kafin a waiwaye shi farashi ya tashi, sai ya dawo da takardar neman ƙari. Damina biyu ta doki ginin da ba rufi, bulo ya jiƙe ya ruɓe, kuɗin farko ya tafi a banza. Aji biyu da aka gama yara suka shiga sun fi azuzuwa goma da awaki ke kwana a ciki.

Muna kuma roƙon a riƙa liƙa lambobi uku a allon sakatariya da ƙofar gidan kowane hakimi duk wata: abin da aka ware wa ƙaramar hukumar daga Abuja, abin da aka cire da sunan abin da aka cire shi dominsa, da abin da ya rage a hannunku. Lamba ta farko ba sirri ba ce, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa ta, matasa kuma suna yaɗa ta a Facebook da WhatsApp. Da yake ita kaɗai suke gani, sai su ɗauka duk tana aljihun ciyaman. Bayyana ta biyu da ta uku kariya ce gare ku kafin ta zama ta kowa.

Yanzu ga ku, masu girma kansiloli. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da majalisarku. Ku ke amincewa da kasafi, ku ke yin dokokin ƙaramar hukuma, kuma kuna da damar kiran shugaban kowane sashe ya yi muku bayani. Abin da ke karya wannan iko abu uku ne da kowa ya sani: majalisa ba ta zama sai ranar da alawus ya fito, ana amincewa da kasafin shekara a zama ɗaya ba wanda ya buɗe shafi na biyu, sannan kansila ya karɓi kwangila da sunan ƙaninsa. Wanda ya ci kwangilar kwalbati ba zai iya tambayar dalilin da kwalbatin maƙwabciyar mazaɓa ya rufta ba.

Ku tsayar da ranar zama sau ɗaya a wata, ko akwai alawus ko babu, kuma ku nemi takardu uku a gabanku: bayanin shiga da fita na ma'aji, takardar banki ta wannan watan, da takardar da ta daidaita su biyun. Idan adadin ma'aji da na banki suka saɓa ba tare da bayani ba, a nan za a tsaya. Daga nan ku zaɓi bauca, wato takardar biyan kuɗi, biyar ko goma da kanku, kada a zaɓar muku. Kowace bauca ta aiki ya kamata a same ta da takardar amincewa, da wasiƙar ba da kwangila, da ƙididdigar kayan aiki, da shaidar injiniya cewa an yi aikin da ake biya. Idan saye ne, a ga shaidar cewa kayan sun shiga sito, da sa hannun wanda ya fitar da su. Ku lura da aiki ɗaya da aka yayyanka gida uku ko huɗu a mako guda don kowane yanki ya tsaya ƙasa da iyakar da ciyaman zai iya sa wa hannu shi kaɗai. Ku lura da kuɗin da ma'aikaci ya karɓa don wani aiki, wata shida bai kawo rasit ba, an kuma sake ba shi wani. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, saboda tsabar kuɗi ba ta barin sawu. Duk inda kuka ga ana biyan ɗan kwangila a hannu, ku tambayi dalili. Rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha kuma ku nemi kwafinsa, ku bi tambayoyin da ya yi wa ƙaramar hukumarku ɗaya bayan ɗaya, ku ga wanne aka amsa.

Batun albashi ya fi sauƙin dubawa fiye da yadda ake zato. A ba kowane kansila sunayen malamai da ma'aikatan lafiya da ake biya da sunan makarantu da asibitocin mazaɓarsa, a kuma liƙa sunayen a bangon wurin aikin. Mai unguwa da iyayen yara sun san wanda ke zuwa da wanda ba su taɓa gani ba.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an taka an je wurin aiki, kuma a je tun ana yi. A gini, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci tara fiye da kusan talatin ba. Idan aka buga hamsin ko sittin, da farce ma za a kankare shi. Kankare na yau da kullum awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana bakwai, abin da ake yawan tsallakewa a zafin bazara. Rufin azuzuwa da iskar farkon damina ke yayewa kowace shekara, yawanci ba a ɗaure katakon da rodi ko ƙarfe a cikin kankaren saman bango ba ne, ƙusa kawai aka buga. Wannan ba a ganinsa bayan an sa silin, don haka ranar ɗora katako ce ranar zuwa. Sannan kada a biya ɗan kwangila duka. A riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na tsawon wata shida, kuma a tabbata damina ta faɗo cikin wata shidan.

Ruwa ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan kuɗi ya fi zurarewa. Ƙasar jihar nan ba iri ɗaya ba ce. A Birnin Kudu, Gwaram, Dutse da Kazaure dutse ne a ƙasa, ruwa yana cikin tsagogi, wanda ya haƙa burtsatse ba tare da an yi awon ƙasa ba caca ya yi da kuɗin jama'a. A arewa da gabas, wajen Gumel, Maigatari da Birniwa, yashi ne, matsalar can zurfi ce da ruftawar rami idan bututun bai da kauri ko ba a zuba tsakuwar tacewa a gefensa ba. Kafin a biya kuɗin kowace rijiya, a nemi rahoton haƙa mai nuna zurfi, da sakamakon gwajin jan ruwa na sa'o'i, da gwajin ingancin ruwan. A duba ko an toshe saman ramin da siminti, an kuma yi dakali da magudana, don kada ƙazantar sama ta koma ciki.

Amma yawancin famfunan tuƙa-tuƙa da ke tsaye a ƙauyuka ba rijiyar ce ta ƙafe ba. Robar da ke cikin silinda ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko sandar ƙarfe ta kwance, ko bututu ya yi tsatsa ya huje. Kayan gyaran ba su kai ko kusa da kuɗin sabuwar rijiya ba. Famfo samfurin India Mark II sai an zaro duk bututun kafin a kai ga silinda, don haka yana bukatar makaniki da kayan aiki, shi kuwa Afridev mutanen gari da aka koya wa za su iya canja robarsa ba tare da zaro bututu ba. A na sola kuma, ƙurar hunturu tana rufe faranti ƙarfin famfo ya ragu, maɓallin da ke kashe shi idan tanki ya cika yana lalacewa, ɓarayi suna kwance faranti inda ba shinge ba mai gadi. Abin da muke nema shi ne kowace ƙaramar hukuma ta ƙirga wuraren ruwanta mazaɓa-mazaɓa, mai aiki da marar aiki da abin da ya kashe shi, ta ajiye makanikai biyu ko uku da babur, ta sa kayan gyara a sito ko ta yi yarjejeniya da mai shago a hedikwata, ta kuma farfaɗo da kwamitocin ruwa na unguwa tare da RUWASA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jiha. Kada a amince da sabuwar rijiya a mazaɓar da ke da matattu biyar da ba a duba ba. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Wannan suna ba zai tsaya ba idan banɗakunan kasuwa da tasha suka cika ba a yashe ba, ko famfon kusa da su ya mutu, kuma amai da gudawa daga irin nan yake tashi.

Hanya da ambaliya lokaci ne ke hukunci a kansu. Aikin da bai kammala ba kafin ƙarshen Mayu, sai dai a jira wata shekara. Hanyar burji ruwa ne ke kashe ta: idan tsakiyarta ba ta ɗan fi gefe tudu ba, ko lambatun gefe ya cike, ruwa zai kwanta ya ci ta. Kwalbati kuma yakan rufta ne saboda an sa ƙaramin zobe inda ruwa ke da yawa, ko ba a yi masa fukafukan kankare a baki ba ruwa ya zagaya ya cinye ƙasar gefe, ko ƙasar da aka rufa a kai ba ta da kaurin ɗaukar motar kaya. Yashe kwalbatoci da lambatu a Afrilu da Mayu aikin lebura ne, matasan mazaɓa za su yi, kuɗin kuma ya zauna a garin. Kwalbati ɗaya da ya karye a Agusta yana iya raba ƙauyuka da kasuwa da asibiti har kaka.

Ga ƙananan hukumomin da ke bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim, Taura, Miga, Jahun, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri, ambaliyar 2022 ba ta bar wa kowa uzuri ba. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar nazarin ruwa, NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya tun farkon shekara, ya kamata a karanta su a zauren majalisa. A bi jinga da ƙafa a watan Maris tare da bulamai da dagatai, a nemo ramukan ɓera da gara da inda shanu suka tattake. Idan za a ɗaga jinga, a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar kaurin tafin hannu a tsaye zuwa taƙi guda, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wata. Wadda aka tula lokaci guda ruwan farko ne zai huda ta. Buhunan yashi su isa garuruwa a Yuni. Kachalar da ke toshe hanyoyin ruwa ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya a babban kogi, wannan sai da jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, amma ƙananan rassa da ke kai ruwa fadamu aikin gayya ne da ke bukatar kwale-kwale, lauje da abinci kawai. Ku kuma nemi a riƙa sanar da ku da wuri duk lokacin da ruwan madatsun Tiga da Challawa zai ƙaru, a san wanda zai buga wa wa waya.

Sai kasuwa, wadda ita ce kuɗin shigar da ba ya jiran Abuja. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ku kasuwanni, tashoshin mota da mayanka. Jihar da ke da Maigatari, Gujungu, Sara da Shuwarin ba ta rasa ciniki ba. Abin da ake rasawa shi ne amana. Tun da marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, talakan wannan yanki ya san cewa karɓar kuɗi a hannunsa ba dole ba ce daga sama, sai an nuna masa abin da aka yi da shi. Yau a kasuwanni da yawa mai tallan awara za a karɓi kuɗi a hannunta sau biyu, mai tirelar shanu kuma ya sasanta da mai karɓa a bayan rumfa. Ana buga rasit na bogi, ko a ba wani ɗan siyasa kasuwa gaba ɗaya ya riƙa kawo abin da ya ga dama.

Gyaran yana farawa da ƙirga. A tura mutanen da ba su da hannu a karɓa su yi ranakun kasuwa huɗu a jere, sau ɗaya a kaka sau ɗaya a bazara, su ƙirga rumfuna, dabbobin da suka shiga kara, da motocin da suka yi lodi. Da wannan za a san abin da ya kamata ya shigo. Majalisa ta yi doka mai fayyace kuɗin kowane abu, a rubuta a allo da boko da ajami a ƙofar kasuwa. Littattafan rasit su zama masu lamba a jere, ma'aji ya fitar da su da sa hannu, ba a ba da sabo sai an dawo da gindin tsohon. Kuɗi ya shiga banki washegari, ko a karɓa ta POS mai zuwa asusun hukuma kai tsaye. A daina tare hanya da gungume don karɓar kuɗi. Mafi muhimmanci, a ware wani kaso sananne na abin da kasuwa ta tara, a rubuce cikin dokar, ya koma cikinta, kuma Sarkin Kasuwa, Sarkin Pawa, shugabannin dillalai da wakiliyar mata 'yan kasuwa su zaɓi abin da za a yi da shi. Yawanci abin da za su zaɓa ba mai tsada ba ne: ruwa a kara, dakalin loda dabbobi, magudana a kwata, fitila, mai gadi, da sikeli na hukuma da kowa ya yarda da shi. Ga garuruwan riɗi da zoɓo, dandamalin siminti na shanya kaya yana ƙara wa manomi farashi kai tsaye, domin yashi da danshi ne ke sa masu saye daga Dawanau su karya kuɗin buhu.

Za mu faɗi ra'ayinmu a fili game da rabon kayan tallafi. Keken ɗinki, injin markaɗe da babur da ake rabawa a filin sakatariya, da yawansu kafin mako ya zagayo an sayar da su ƙasa da kuɗin da hukuma ta saya, saboda an ba wanda bai iya sana'ar ba, ko an ba mutum goma injin markaɗe a garin da biyu suka ishe shi. Idan dole sai an yi, a bi ta hannun masu sana'a da ke da shago da almajiran sana'a, a rubuta sunan kowa, majalisa ta koma bayan wata shida ta ƙirga nawa ke aiki. Amma akwai inda wannan kuɗin zai fi yin nisa. Awaki, tumaki da kaji su ne jarin matan karkara. Cutar PPR mai zuwa da majina da zawo tana share garken akuya, alhali allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Annobar kaji ta hunturu tana da rigakafin da ake ɗigawa a ido, ciwon huhun shanu kuma ana yi masa allura duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana sarrafa waɗannan magunguna. Abin da ke hana su isa ruga da ƙauye shi ne akwatin sanyi, ƙanƙara da man babur na malamin dabbobi. Haka malamin gona: JARDA, hukumar raya aikin gona ta jiha, ce ke da shi, amma idan ba mai a tankinsa ba zai je ko'ina ba. Wake kuma, manomi yana sayarwa da arha a kaka saboda tsoron ƙwari, ko ya zuba masa guba mai cutar da masu ci. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, muddin waken ya bushe sosai, an matse iskar, an ɗaure kowace leda daban, an kuma ɗora buhunan a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Sito ɗaya mai tsaro a kasuwa, da littafin ajiya na gaskiya, zai ba ƙungiyar manoma damar jira har farashi ya tashi. Burtali da mashaya kuma a sake shata su da dagatai da arɗo kafin shuka, domin rikicin gona ɗaya yana iya tsayar da kasuwar gari makonni.

A ɓangaren lafiya akwai kuɗin da ba ya bi ta hannunku amma yana bukatar idonku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangarensa yana zuwa asusun asibitin da aka zaɓa a mazaɓa, inda shugaban asibitin da shugaban kwamitin raya mazaɓa ke sa hannu tare. Idan asibiti bai kawo lissafin abin da ya kashe a kan lokaci ba, kaso na gaba yana makalewa. Kansila ya halarci zaman wannan kwamiti, ya tambayi ranar da kuɗi ya shigo da abin da aka saya. Ya buɗe firjin rigakafi ya duba takardar awon sanyi, wadda ake cikewa safe da yamma, kuma ya kamata ta tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Ya je da dare ya ga ko akwai ungozoma da haske, domin naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Ɗakin kwana mai tsaro ga ma'aikaciya a harabar asibiti shi ne sau da yawa bambancin asibitin da ke aiki da wanda ke rufe da la'asar.

Tamowa tana tsananta daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Ana gane ta da ɗan tef na awon damtse: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yaron yana cikin haɗari. Katan ɗaya na abincin tamowa yana da ƙunshi 150, kusan abin da yaro ɗaya ke bukata har ya warke. Saboda haka lissafin a fili yake: katan nawa aka karɓa, yara nawa aka rubuta. Idan ana ganin ƙunshin a teburin mai shago, daga wani sito ya fita, kuma yanzu da masu ba da tallafi suka ja baya, kowane katan da ya ɓace ran yaro ne. Ga yaran da ba su kai ja ba, garin kunu na awo shida na gero ko dawa, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa, duk a soye a niƙe, abu ne da ƙungiyoyin mata za su iya yi da amfanin gonar garin, ƙaramar hukuma ta saya a hannunsu. Wannan ba ya maye gurbin magani ga yaron da ya riga ya shiga ja.

Game da ayyukan da Bankin Duniya ko wasu ƙungiyoyi ke kawowa, kamar ACReSAL da NG-CARES, kada majalisa ta bari a miƙa mata aiki ba tare da an rubuta abu uku ba: nawa ne kuɗin tafiyar da shi a shekara, wa zai biya bayan masu aikin sun tafi, kuma a wane layi na kasafi aka sa shi. In babu amsa, gara a rage girman aikin tun ana zane.

Kasafin shekara mai zuwa ana haɗa shi ne a watannin ƙarshen shekara. Kafin ya iso zauren majalisa, muna roƙon kowane kansila ya kira taron mazaɓa a gaban dagaci, a yi na mata daban a lokacin da za su iya fitowa, a karanta jerin famfuna, kwalbatoci, azuzuwa da asibitocin mazaɓar da halin da kowanne ke ciki, jama'a su zaɓi uku da za a fara da su. A rubuta, mahalarta su sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi sakatariya, ɗaya ya zauna a hannun dagaci, domin a zaman tsakiyar shekara a ɗauko shi a gwada da baucocin da ma'aji ya biya.

Wassalamu alaikum.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan ƙananan hukumomi, malaman gona, ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa na karkarar Jigawa.